A Yashe Kududdufin Bayan Gida Tun Rani

Ya ku 'ya'yana da jikokina na unguwannin da ke maƙwabtaka da masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai. Ina so mu yi magana a kan kududdufin da ke bayan gidajenmu, tun hadari bai fara haɗuwa ba.

Kududdufi ba baƙo ba ne a Kano. Kakanninmu sun haƙi ƙasa sun gina gidaje da ganuwa, ramukan da suka bari suka zama masaukin ruwan sama. A yau kuma masu haƙar ƙasa da yashi suna barin nasu ramukan a gefen gari. Amfaninsa ba ɓoyayye ba ne: idan ruwan Agusta ya sauka, shi ne yake karɓar abin da magudana suka kasa ɗauka. Duk unguwar da ta cike nata ta yi gini a kai, ta san yadda ruwa yake biyo ta har ɗaka. Saboda haka ba na ce ku binne shi ba ne. Cewa nake ku gyara shi.

Kowace damina Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano tana ba da sanarwar ciro yara da matasa daga kududdufai, sau da yawa bayan rai ya yi halinsa. Abin da ke cin yaro abu biyu ne: gaɓa mai tsaye wadda ba ta da wurin dafawa, da laka mai riƙe ƙafa. Ruwa zai nuna kamar iya gwiwa ne, amma ƙarƙashinsa taɓo ne na shekara da shekaru, haɗe da leda da tsummoki. Ga sauro, ga tsargiya da yara ke kwasowa wajen wanka.

Namu na kusa da masana'antu yana da ƙarin matsala. Ruwan majemu da na sauran kamfanoni yana ɗauke da sinadarai, har da kuromiyam da ake jima da shi. Na Bompai yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, na Sharaɗa yana bin Salanta ya faɗa kogin Challawa. Idan kwata ta cika ta yi ambaliya, wani abu daga ciki yana kwantawa a ramukan da ke kusa, kuma laka ce take riƙe shi. Don haka lakar da kuka yaso kada wanda ya kai ta gona ko lambu da sunan taki, kada kuma a jibge ta a bakin hanya inda yara ke wasa. Ku sanar da Ma'aikatar Muhalli da hukumar kwashe shara ta REMASAB, su nuna inda za a kai ta.

Lokacin aikin shi ne Maris zuwa Afrilu, sa'ad da ruwa ya janye. Ku fara da mai unguwa, ya kira gayya. Mai shiga ya sa takalmin roba da safar hannu, kuma kada mutum ya shiga shi kaɗai, domin tsohuwar laka tana fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da kan sumar da mutum. Inda shebur da baro suka gaza, a yi karo-karo a ɗauko katafila. Idan an kwashe taɓon, sai a cike wuraren da suka yi zurfi da jar ƙasa da ɓaraguzan gini, ban da bola. A kwantar da gaɓar ta yi gangare, yadda wanda ya zame zai iya takowa da ƙafarsa. A buɗe hanyar da ruwa zai fita idan ya cika.

Bayan duk wannan, a kewaye wurin, ko da waya ko da ƙaya. Yaro mai tatata ruwa kaɗan ya ishe shi, shi ya sa idon uwa da na maƙwabta ba shi da madadi. Tun 2021 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli don tunatar da duniya hatsarin nutsewa, ranar da mu a nan muke tsakiyar damina. Wanda ya jira ranar kafin ya motsa ya makara.

Ku kuma masu kamfanoni, Allah ya yi muku arziki a tsakiyar mutane, haƙƙin maƙwabtaka yana kanku. Ku tace ruwanku kafin ku sake shi, ku taimaka da tifa da katafila ranar gayya.

Samari, aikin nan naku ne, ƙannenku ne ke wasa a bakin ramin. Ku je wajen mai unguwa a makon nan a sa rana. Allah ya yi muku albarka, ya raya mana zuri'a.