Darasi: Idan Iyaye Suka Zo Mana Sallah a Damagaram

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, a kowace Babbar Sallah muna ganin ƴaƴa suna zagayawa da iyayensu da suka zo daga ƙauye, su kai su Birni su ga fadar Sarki da sauran ganuwar da Sarki Tanimun ya gina, sannan su nuna masu barikin da Nasara suka kafa bayan sun ci garin a 1899. Wannan abu ne mai kyau. Nan ne hedkwatar mulkin Faransawa kafin su mayar da ita Yamai a 1926, kuma tsoho yana da haƙƙin ganin inda ake kai harajin kakanninsa.

Amma bara mun ga abin da ya sosa mana rai. Wani ma'aikaci yana gaba cikin shaddarsa, mahaifinsa yana baya yana jan ƙafa cikin rana. Da suka haɗu da abokan aikinsa, sai ya juya harshe zuwa Faransanci, bai ce masu "ga babana" ba. Tsohon ya tsaya gefe kamar ɗan rakiya.

Aya ta 23 a Suratul Isra'i ta hana ko da nuna masu ƙosawa, balle jin kunyarsu. Malamai sun ce daga ladabi ne kada ɗa ya shiga gaban mahaifinsa, sai don nuna hanya ko kawar da cuta. To, idan hanya kake nunawa, ka riƙa waiwaye. Ka fito da su da hantsi ko bayan La'asar, ka riƙe masu ruwa da buta, kuma idan an kira Azahar, ka nemo wa Inna wurin alwala kafin ka nemi naka.