Ire-iren Gidajen Zama a Jalingo: Nazari Ga Masu Zuba Jari

Garin Jalingo ya samo asali ne a shekarar 1893, lokacin da Sarkin Muri Muhammadu Nya ya kafa shi a matsayin sansani, daga bisani kuma ya zama mazaunin masarautar. Kusan shekara ɗari bayan haka, a ranar 27 ga Agusta, 1991, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta cire Jihar Taraba daga tsohuwar Jihar Gongola, aka mai da Jalingo babban birninta. Wannan mataki shi ne ya sauya kasuwar gidaje a garin, domin ma'aikata da 'yan kwangila sun kwararo cikin ɗan lokaci, alhali ba a tanadar musu muhalli ba. Ƙidayar shekarar 2006 ta nuna cewa ƙaramar hukumar tana da mutane kimanin 140,000.

Tsohon salon gini shi ne gidan gargajiya na ƙasa, mai zaure a gaba, da tsakar gida, da ɗakuna kewaye da ita. A ƙauyukan Mumuye da na Kona da ke kewayen garin an fi sanin zagayayyen ɗaki mai jinka. Soro mai rufin azara da ƙasa, wanda ya yi fice a Kano da Katsina, yana shan wahala a nan saboda damina ta fi tsawo da ƙarfi, shi ya sa masu ginin ƙasa suka rungumi rufin kwano da wuri. Irin wannan gida yana da sanyi lokacin bazara, kuma ba ya cin kuɗi wajen ginawa, amma yana bukatar yaɓe a kai a kai, sannan bankuna ba su cika karɓarsa jingina ba.

Inda harkar haya ta fi ƙarfi shi ne gidan bulo na ɗaki-ɗaki, wato ɗakuna a jere suna fuskantar juna, da madafa da kewaye na tarayya. A fili mai ƙafa 50 da 100 ana iya fitar da ɗakuna masu yawa, kuma mai gida yana iya ginawa kaɗan-kaɗan gwargwadon ƙarfinsa, yana zuba 'yan haya a waɗanda aka gama. Wannan ne ya sa ƙananan 'yan kasuwa suka fi son sa. Sai dai lissafin da ake yi a takarda ba kasafai yake cika ba. Yawan mutane yana saurin cika masai, rijiya takan ja baya da rani, kuma tara kuɗin haya daga hannun mutum goma ya fi wuya a kan karɓa daga mutum ɗaya. Mai gidan da ba ya zaune a garin yakan dogara ga dillali ko wakili, wanda shi ma yana da nasa kason.

Bayan kafa Jami'ar Jihar Taraba a shekarar 2008, bukata ta karkata ga ɗaki mai kewayensa da madafarsa a ciki, da kuma ciki da falo. Kuɗin gininsa ya fi yawa saboda aikin famfo da ramin bahaya, amma ɗalibai da matasan ma'aikata sun fi neman sa, kuma rigimar maƙwabta ta ragu. Manyan gidaje masu katanga da benaye kuwa na manyan ma'aikata ne da attajirai, kuma masu iya hayarsu kaɗan ne.

Kowane iri mutum ya zaɓa, siminti ne ke yanke farashi. Kamfanonin da suka fi kusa suna Ashaka a Jihar Gombe da Gboko a Jihar Binuwai, saboda haka kuɗin mota yana hawa kan kowane buhu. Wasu masu buga bulo sukan rage wannan nauyi ta hanyar ƙara yashi, abin da ba ya bayyana sai bango ya fara tsagewa. Ya fi wa mai gini ya sayi simintinsa, a buga bulon a gabansa, a kuma shayar da shi ruwa na kwanaki kafin a ɗora.

Akwai kuma batun wuri. Filayen da ke gaɓar kogin Lamurde da Mayo Gwoi sun fi araha, kuma dalilin arahar a bayyane yake: a watan Agusta na shekarar 2005 ambaliya ta karya gadar Nukkai, aka yi asarar rayuka da dukiya. Wanda zai sayi fili a irin waɗannan wurare ya dace ya je ya duba shi a tsakiyar damina.

A ƙarƙashin dokar mallakar ƙasa ta 1978, filayen birni suna hannun gwamnan jiha ne, kuma takardar cinikin da mai unguwa ya sa wa hannu ba ta maye gurbin takardar shaidar mallaka. Ma'aikacin da ake cire wa kashi 2.5 cikin ɗari na albashinsa zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, sai ya gabatar da ingantacciyar takardar fili kafin a duba bukatarsa ta rance.