Magani ɗaya, riguna da yawa: mu san ƙwayar diyazefam

Sau da yawa mutum yakan kai takardar likita farmasi, a ba shi ƙwaya wadda ba ta yi kama da ta watan jiya ba. Waccan shuɗiya ce, wannan fara. Kwalin ya sake, kuɗin ma ya sake. Sai zuciya ta fara wasiwasi: anya ba a yi kuskure ba? Anya mai arahar nan tana da ƙarfi? Darasinmu na yau zai amsa waɗannan tambayoyi. Za mu ɗauki misalin magani guda, wato diyazefam, wanda ake ba masu ciwon fargaba.

Mene ne diyazefam?

Fargaba ciwo ce kamar sauran cututtuka. Mai ita gabansa yana yawan faɗuwa ba dalili. Zuciyarsa tana bugawa da sauri, gumi yana keto masa, barci ya ƙaurace masa. Idan abin ya tsananta, likita yana iya rubuta masa diyazefam na ɗan lokaci. Aikin maganin shi ne ya sassauta gudun saƙonni a cikin ƙwaƙwalwa. Daga nan jiki ya saki, hankali ya kwanta, barci ya zo. A asibiti ana yin allurarsa ga yaron da ke jijjiga, da mai ciwon tetanos da ke sarƙe haƙora.

Kamfanin Roche na ƙasar Suwis ne ya fito da shi kasuwa a shekarar 1963, da sunan Valium. Wani masani mai suna Leo Sternbach ne ya haɗa shi. Doka takan ba kamfanin da ya gano magani shekaru yana sayarwa shi kaɗai, domin ya mai da kuɗin bincikensa. Wa'adin Valium ya ƙare a Amurka a 1985. Tun daga nan kamfanoni masu yawa suke yin maganin. Irin wannan magani shi ake kira jenerik.

Suna biyu a kan kwali

Kowane magani yana da sunan yanka, yana iya samun laƙabi kuma. Sunan yanka shi ne wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi, kuma ɗaya ne a ko'ina. Laƙabi kuwa kamfani ne yake raɗawa don kasuwa. Valium laƙabi ne. Sunan yanka shi ne diyazefam. A kan kwali ga yadda ake rubuta shi: DIAZEPAM.

Manomi ya san wannan tun tuni. Buhun taki mai lamba 15-15-15 yana iya zuwa fari, yana iya zuwa da zane kore, daga kamfanoni dabam-dabam. Manomin kirki ba ya tsayawa kallon buhu. Lambar yake dubawa, domin ita ke faɗin abin da ke ciki. Haka ya kamata mu yi da magani.

Yadda jenerik ya yawaita a wajenmu

A 1977 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin magungunan da kowace ƙasa take bukata, da sunayensu na yanka. Diyazefam yana ciki. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka taru a Bamako, suka yi shawarar a wadata ƙananan gidajen likita da magunguna masu sauƙin kuɗi. Sannan a watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi. Maganin da ake sayowa daga waje ya yi tsada ƙwarai, talaka ya rasa yadda zai yi. Wannan ya sa Nijar da maƙwabtanta suka ƙara riƙo da jenerik. Ofishin ƙasa na magunguna, ONPPC, yana sayo su da yawa, ana rarraba su gidajen likita.

Me ya sa jenerik yake da araha? Ba don an rage masa ƙarfi ba ne. Kamfanin da ke yin sa bai kashe kuɗin bincike ba, ba ya kashe kuɗin talla mai yawa. Ga kuma gasa tsakanin kamfanoni. A nan, araha ba aibi ba ce.

Abin da yake ɗaya

Kafin hukuma ta yarda da jenerik, tilas ya cika sharuɗɗa. Sinadarin da ke aiki ya zama shi ne dai. Yawansa a cikin ƙwaya ya zama daidai. Hanyar shansa ta zama ɗaya. Ana kuma gwada shi a jikin mutane masu lafiya: su sha, a ɗebi jininsu lokaci bayan lokaci, a auna yawan maganin da ya shiga jini da saurin shigarsa. Idan awon ya yi nisa da na maganin asali, ba a yarda da shi. Ɗan bambancin da doka ta yafe ƙarami ne, yawancin mutane ba su jin sa a jiki.

Abin da yake bambanta

Diyazefam ɗin da ke cikin ƙwaya ɗan mitsitsi ne. Ana auna shi da miligiram, ana rubutawa mg. Giram ɗaya miligiram 1000 ne. Ke nan sai an tara maganin da ke cikin ƙwaya 200 masu 5 mg kafin a sami giram guda. Abu ƙanƙane haka ba ya kamuwa da yatsa. Don haka ake cuɗa shi da wasu abubuwa, kamar sitacin masara, da sukarin madara, da launi, sannan a matse ya zama ƙwaya. Kowane kamfani da irin nasa haɗin. A nan bambanci yake fitowa:

1. Launi. Wani kamfani yana yin 5 mg rawaya, wani fara.
2. Siffa da girma. Babbar ƙwaya ba lalle ta fi ƙarama ƙarfi ba.
3. Ɗanɗano da saurin narkewa a baki.
4. Kwali da kuɗi.

Akwai mutane ƙalilan da jikinsu ba ya karɓar wani launi ko wani abin haɗi. Sai su ga ƙuraje ko ƙaiƙayi. Wanda ya ga haka bayan an sauya masa ƙwaya, ya koma wurin likita da kwalin a hannu.

"Sabuwar ba ta yi mini aiki"

Mukan ji wannan magana, kuma ba mu ƙaryata mai faɗarta. Amma a binciki dalili. Ga waɗanda suka fi yawa.

Na farko, lamba ta sauya. Diyazefam yana zuwa da 2 mg, da 5 mg, da 10 mg. Wanda ya saba da 10, aka ba shi 5, rabi ya sha. Wanda ya saba da 5, ya sha 10, ya ninka.

Na biyu, maganin ne dabam. Diyazefam yana da dangi masu suna kusa da nasa: BROMAZEPAM, LORAZEPAM, ALPRAZOLAM. Gidansu ɗaya, amma ƙarfinsu ba ɗaya ba. Miligiram 1 na lorazefam ya kai kusan miligiram 10 na diyazefam. Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne. A karanta suna tun daga harafin farko, kada a tsaya ga ƙarshensa.

Na uku, jiki ya saba. Wanda ya daɗe yana sha, awon da ke kwantar da shi a da yakan daina isarsa. Idan haka ta zo daidai da sauyin kwali, sai a ɗora laifi a kan sabuwar ƙwaya.

Na huɗu, zuciya ce. Ciwon fargaba shi kansa yana haifar da shakka. Mutum ya ga baƙon launi, ya sa a ransa ba zai yi aiki ba, sai gabansa ya faɗi tun kafin ya haɗiye. Bayani daga bakin likita yakan warware wannan.

Na biyar, ƙwayar ba ta gaskiya ba ce. Wannan shi ne babban haɗari.

Jenerik dabam, jabu dabam

Bambancin da ya kamata ya tsorata mu ba tsakanin jenerik da jenerik yake ba. Yana tsakanin maganin farmasi da na tire. A kasuwanni da tashoshin mota, daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Yamai, muna ganin masu talla da ƙwayoyi a tire ko a kwano. Wasu suna kiran diyazefam da sunan D5. Ba wanda ya auna waɗannan ƙwayoyi. Wata ba magani a cikinta ko kaɗan. Wata maganin ya yi yawa. Wata kuwa wani sinadari ne dabam aka sa. Ko a Turai an sha kama ƙwayoyin jabu masu sunan diyazefam, da aka auna aka tarar wani abu ne mai ƙarfi a ciki. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa, kusan magani 1 cikin 10 jabu ne ko maras inganci.

Ko da ƙwayar ta gaskiya ce, rana tana ɓata ta. Yawancin magunguna ana son a aje su a wurin da zafi bai wuce digiri 25 zuwa 30 ba. A bazara kuwa zafinmu yana haura 40, ga tire a kai tun safe har yamma.

Mu duba abin da zai iya faruwa. Mutum ya yi watanni yana shan na likita, ya ƙare, ya sayi na tire wanda ba kome a ciki. Jikinsa zai ɗauka an yanke masa magani farat ɗaya. Sai makyarkyata, da gumi, da rashin barci, wani har ya faɗi yana jijjiga. Idan kuwa mai yawa ya faɗa wa, barci zai kwashe shi a kan kabu-kabu, ko a bakin rijiya, ko da lauje a hannu.

Dokoki ga kowane iri

Ko Valium ne, ko jenerik, haɗarinsu ɗaya ne, dokarsu ɗaya:

1. Ba a sha sai da takardar likita. Yawanci na makonni kaɗan ne, domin yana kama jiki.
2. Wanda ya daɗe yana sha kada ya bari rana ɗaya. Likita ne zai riƙa rage masa sannu a hankali.
3. Kada a haɗa shi da giya ko tiramol. Haɗin yana danne numfashi, yana kisa.
4. Yana daɗewa a jiki, har washegari. Mai shan sa ya nisanci tuƙi, da injin niƙa, da hawan itace.
5. Tsofaffi yana sa su jiri da faɗuwa. Awonsu ƙarami ne.
6. Mace mai ciki ko mai shayarwa ta sanar da likita ko ungozoma tun kafin a rubuta mata.
7. Kada a sammaka wa maƙwabci. A ɓoye shi inda yara ba su kaiwa.

Mu sani kuma, ƙwaya tana kwantar da fargaba ne, ba ta tumɓuke saiwarta. Idan bashi ne, ko ƙarancin cimaka, ko rashin wani namu ke hana barci, a faɗa wa likita gaskiya. Akwai wasu hanyoyin taimako da suka fi dacewa da doguwar jinya.

Abu uku da za mu karanta

Karatun da muka koya, ga ranarsa ta zo. Kafin mu bar gaban mai farmasi, mu duba suna, mu duba lamba, mu duba ranar lalacewa. Ranar lalacewa tana bayan haruffan EXP. Idan an rubuta EXP 08/2027, maganin yana da kyau har ƙarshen watan 8 na shekarar 2027. Mu riƙa zuwa da tsohon kwali don mu gwada da sabo. Idan suna da lamba sun yi daidai, kuma daga farmasi ko gidan likita ya fito, launi ba abin damuwa ba ne. Idan muna shakka, mu tambaya. Matambayi ba ya ɓata.

Aikin aji

1. Rubuta DIAZEPAM da LORAZEPAM a allo. Haruffa nawa ne suka bambanta a farkonsu?
2. Ƙwaya nawa masu 5 mg ne suke daidai da ƙwaya ɗaya mai 10 mg?
3. Faɗi bambanci biyu tsakanin jenerik da jabu.
4. Kowa ya zo da kwalin magani daga gida, mu nemo suna, da lamba, da ranar lalacewa tare.