Darasi na Tara: Wasan Lakuros da Nasarar Ƙungiyar Buffalo Bandits a Kakar 2023

1.0 Gabatarwa

Daga cikin ayyukan malamin Hausa akwai nuna wa ɗalibai cewa harshen yana iya ɗaukar kowane irin batu, ko da kuwa batun baƙo ne a ƙasar Hausa. Wannan darasi na karatu da fahimta ya ƙunshi bayani a kan wani wasa na Arewacin Amurka mai suna lakuros, tare da labarin yadda ƙungiyar Buffalo Bandits ta ci kofinsa a shekarar 2023, bayan ta shekara 15 tana nema.

2.0 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana sa ran ɗalibi zai iya:
(a) bayyana asalin wasan lakuros da yadda ake buga shi a rufaffen fili;
(b) kawo matakan da ƙungiyar Bandits ta bi har ta ci kofi;
(c) fito da hanyoyin da Hausa ke bi wajen samar da kalmomi ga baƙon batu.

3.1 Asalin Wasan

Lakuros wasa ne da ake yi da ƙaramar ƙwallon roba da wata sanda mai ɗan aljihun raga a bakinta. Da wannan sanda ɗan wasa yake cafe ƙwallo, ya ruga da ita, ya miƙa wa abokinsa ko ya harba ta raga. 'Yan asalin Arewacin Amurka ne suka ƙago shi tun kafin zuwan Turawa, kuma al'ummar Haudenosaunee, waɗanda Turawa ke kira Iroquois, suna ɗaukarsa kyauta ce daga Mahalicci. A wurinsu ba nishaɗi kaɗai ba ne, domin sukan buga shi don neman waraka ga majiyyaci ko don sasanta rikici. Faransawa ne suka laƙaba masa sunan da aka san shi da shi yanzu. A shekarar 1867 wani likitan haƙori na birnin Montreal, William George Beers, ya tsara masa dokoki a rubuce, sannan a 1994 Kanada ta ayyana shi a matsayin wasan ƙasa na lokacin zafi.

3.2 Lakuros na Rufaffen Fili

Nau'in da ake bugawa a cikin gini ya samo asali ne a Kanada a farkon shekarun 1930. Masu filayen ƙwallon gora na kan ƙanƙara sun ga filayensu suna zaman banza idan hunturu ya wuce, sai suka shigo da lakuros ciki. A gasar ƙwararru, akan shimfiɗa ciyawar roba a filin, wanda tsawonsa ƙafa 200 ne, faɗinsa kuma ƙafa 85, ga katanga ta kewaye shi. Kowane ɓangare yana da 'yan wasa 6 har da mai tsaron gida. Ana raba wasa zango 4, kowane zango minti 15.

Dokar da ta fi ba wasan armashi ita ce ta daƙiƙa 30. Da zarar ƙungiya ta karɓi ƙwallo, wajibi ne ta kai hari raga kafin wannan lokaci ya cika, in ba haka ba ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Saboda haka babu damar jan ƙafa, kuma ba abin mamaki ba ne a ga kowane ɓangare ya ci ƙwallo fiye da 10. Babbar gasar ƙwararru ita ce NLL, wadda ta fara a 1987 da wani suna daban. A kakar 2023 tana da ƙungiyoyi 15 daga Amurka da Kanada, kowace kuma takan buga wasa 18 kafin zagayen sili-ɗaya-ƙwale.

3.3 Shekarun Jira

Ƙungiyar Bandits tana birnin Buffalo ne a Jihar Niyok, dab da iyakar Kanada. Ta shiga gasa a 1992 da ƙafar dama, domin a shekarar ta ci kofi bayan ta doke Philadelphia Wings da ci 11 da 10 a ƙarin lokaci. Wani matashi mai suna John Tavares ne ya zura ƙwallon nasarar. A 1993 ta sake cin kofi ba tare da an doke ta ko sau ɗaya ba, sannan ta ƙara a 1996 da 2008.

Daga nan sai abubuwa suka cije. Sau uku ƙungiyar tana kaiwa wasan ƙarshe tana dawowa hannu rabbana. A 2016 Saskatchewan Rush ta doke ta, a 2019 Calgary Roughnecks ta maimaita mata. Annobar korona ta katse kakar 2020, ta kuma hana ta 2021 gaba ɗaya. Da aka dawo a 2022, Bandits ta fi kowa cin wasa, ta kuma ci karawar farko a zagayen ƙarshe, amma Colorado Mammoth ta cinye sauran biyun, ta ɗaga kofi a cikin gidan Bandits, a gaban magoya bayanta. Wannan shi ne takaicin da 'yan wasan suka shiga sabuwar kaka da shi. Abin da ke gabansu a fili yake: in suka sake faɗuwa, za a riƙa tuna su a matsayin gwanayen da ba su iya ƙarasa aiki.

3.4 Kakar 2023

Mai horar da ƙungiyar a wannan kaka shi ne John Tavares ɗin nan na 1992. Ya yi wa Bandits wasa kaka 24, ya yi ritaya a 2015 da ƙwallo 815. Abin sha'awa ga mai koyon aikin koyarwa shi ne, a tsawon shekarun wasansa malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare a Kanada. Da yawa daga cikin 'yan wannan gasa haka suke, suna da sana'ar da suke yi a ranakun aiki, su fito fili a ƙarshen mako.

Ƙungiyar ta ci wasa 14 daga cikin 18, ta zo ta ɗaya a rukunin gabas. A zagayen sili-ɗaya-ƙwale ta fitar da Rochester Knighthawks, sannan ta doke babbar abokiyar hamayyarta, Toronto Rock, sau biyu a jere. A ɗaya ɓangaren kuwa, Colorado ce ta sake fitowa, wato dai za a maimaita karawar bara. Ƙa'idar zagayen ƙarshe ita ce, wanda ya fara cin wasa 2 daga cikin 3 shi ke da kofi.

Ana gab da farawa sai tsautsayi ya faɗa wa ɗaya daga cikin manyan maharan ƙungiyar, Josh Byrne, wanda ya ji rauni, bai buga wasannin farko guda biyu ba. Duk da haka Bandits ta ci na farko a gida da ƙyar, 13 da 12. A wasa na biyu, a birnin Denver, Colorado ta rama da ci 16 da 10. Ga dukkan alamu tarihi na shirin maimaita kansa, domin haka lamarin ya faro a 2022.

An buga wasan raba-gardama ranar 3 ga Yuni, 2023, a filin KeyBank Center, gaban 'yan kallo fiye da 18,000. Byrne ya dawo ya zura ƙwallo 4, masu tsaron baya suka toshe kowace kafa, aka tashi 13 da 4. Dhane Smith ne aka zaɓa gwarzon zagayen ƙarshe. Wannan shi ne kofi na biyar a tarihin ƙungiyar.

3.5 Dalilan Nasara

Dalili na farko shi ne haƙuri. Shugabannin ƙungiyar ba su watsar da 'yan wasansu don fushin rashin nasarar 2022 ba, sai suka riƙe ginshiƙan da suka saba da juna. Na biyu shi ne tsaro. A wasan da ake yawan cin ƙwallo 10 zuwa sama, tsayar da masu riƙe da kofi a kan 4 ba ƙaramin aiki ba ne. Mai tsaron gida, Matt Vinc, yana da shekara 40 a lokacin, abin da ya gaskata maganar Hausawa cewa da tsohuwar zuma ake magani. Na uku shi ne rashin son kai. Smith ya fi shahara wajen miƙa ƙwallo ga abokin da ya fi shi damar ci, kuma ya yi haka fiye da sau 90 a wasannin kakar. Shi ya sa rashin Byrne bai durƙusar da ƙungiyar ba. Abin da ya biyo baya ya nuna nasarar ba gam-da-katar ba ce, domin Bandits ta sake cin kofi a 2024 a kan Albany FireWolves, da kuma 2025 a kan Saskatchewan Rush.

4.0 Abin Lura ga Malami

Idan malami zai koyar da irin wannan matani, ya kamata ya fara da zana hoton sandar da filin a allo, tun da ɗalibai ba su taɓa ganin wasan ba. Bayan haka ya jawo hankalinsu ga hanyoyi uku na samar da kalmomi da suka bayyana a cikinsa. Akwai aro tare da daidaita furuci, kamar lakuros da kofi. Akwai faɗaɗa ma'anar tsohuwar kalma, kamar kaka, wadda asalinta lokacin girbi ce, da zango, wanda asalinsa masaukin fatake ne. Akwai kuma harɗaɗɗun kalmomi, kamar raba-gardama da sili-ɗaya-ƙwale. Sunayen mutane da na ƙungiyoyi kuwa akan bar su yadda masu su suke rubuta su.

5.0 Kammalawa

Darasin ya nuna yadda wasan gargajiya na 'yan asalin Arewacin Amurka ya zama sana'ar ƙwararru, da yadda ƙungiyar da ta faɗi sau uku a wasan ƙarshe ta jure har ta kai ga buƙata. Ya kuma nuna cewa da dabarun aro da faɗaɗa ma'ana da harɗa kalmomi, ana iya bayyana baƙon batu cikin daidaitacciyar Hausa.

6.0 Auna Fahimta

1. Mene ne matsayin lakuros a wurin al'ummar Haudenosaunee?
2. Wane dalili ya sa aka shigar da wasan cikin gini?
3. Bayyana tasirin dokar daƙiƙa 30.
4. Kwatanta zagayen ƙarshe na 2022 da na 2023.
5. Kawo kalmomi 5 na fagen wasanni waɗanda Hausa ta faɗaɗa ma'anarsu, tare da ma'anarsu ta asali.
6. Tsara shirin darasi na minti 40 a kan sashe na 3.4 don ɗaliban ƙaramar sakandare.