Ku Gwada Linux, Amma Kada Ku Yi Garaje

 

'Ya'yana, a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya janye kulawar da ya saba yi wa Windows 10. Magajiyarta Windows 11 kuwa tana da tsirfa. Tana neman wata 'yar na'urar tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma galibi ba ta yarda da injin Intel da ya girmi zubi na takwas. Da yawa daga cikin laftof na hannu da kuke saye a Farm Centre ta Kano ko Computer Village ta Ikeja ba su cika waɗannan sharuɗɗa ba, alhali lafiyarsu lau. Shi ya sa nake ta jin ku kuna zancen komawa Linux, musamman Linux Mint da zubinta na 22.2 ya fito a watan Satumba na 2025, da kuma Zorin OS 18 da aka saki a ranar da aka sallami Windows 10. Na ji daɗin wannan himma taku. Abu ɗaya nake roƙo: ku gwada kafin ku girka.

Ku fara da sanin asalin abin. Wani ɗalibin Jami'ar Helsinki a ƙasar Finland mai suna Linus Torvalds ne ya soma rubuta Linux a 1991, daga baya ya sake ta ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya ba kowa damar duba yadda aka ƙera ta, ya gyara, ya kwafa, ya raba. A kan wannan tushe Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya fito da Ubuntu a 2004, sannan wani Bafaranshe, Clément Lefèbvre, ya gina Linux Mint a 2006 domin sauƙaƙa wa sabon shiga. Ko wayar Android da ke aljihunku a kan Linux take tafiya. Saboda haka ba baƙuwa ba ce gare ku.

Wannan lasisi ya fi komai kwanta mini a rai. Kun san yadda ake yi a shagunan gyara: a ɗura wa mutum manhajar da aka fasa makullinta, ba izinin mai ita, wani lokaci har da ƙwayar cuta a maƙale. Haƙƙin wani ne, ko da mai shi yana bangon duniya. Ita kuwa Mint, masu ita ne da kansu suka ce a ɗauka. Mutum ɗaya ya ƙona datarsa ya sauke fayil ɗin girka ta, wanda ya kusa gigabait 3, sai 'yan aji duka su kwafa a filashi, babu wanda ya ci haƙƙin wani.

Sai dai ku kula da inda kuka ɗebo. A watan Fabrairu na 2016 wasu ɓata-gari sun kutsa shafin Linux Mint, suka karkatar da masu saukewa zuwa wani gurɓataccen fayil da suka dasa wa ƙofar sata. An gano da wuri, amma darasin yana nan. Ku sauke daga shafin masu abin, kada ku karɓa daga wani zauren WhatsApp, kuma ku gwada dogon jerin lambobin tantancewa na SHA256 da suke wallafawa da na fayil ɗinku. Idan harafi ɗaya ya saɓa, ku watsar.

Yanzu ga inda nake so ku natsu. Babbar falalar wannan manhaja ita ce tana tashi daga filashi ba tare da ta taɓa abin da ke cikin kwamfuta ba. Ku samu filashi mai gigabait 8 wanda babu abin buƙata a ciki, domin za a share shi, ku rubuta fayil ɗin a kai da Rufus ko balenaEtcher. Ku kashe kwamfutar, ku soka filashin, ku kunna kuna ɗan danna F12 idan Dell ce, ko F9 idan HP ce. Wani ɗan jeri zai bayyana, ku zaɓi sunan filashin. Can sai ga allo da maɓallin manhajoji a kusurwar hagu ta ƙasa, agogo a dama, kusan yadda kuka saba. Za ku ga wata alama mai kama da faifai tana gayyatarku ku girka. Ku ƙyale ta tukuna.

Wanda ya je kara sayen rago ba ya biyan kuɗi don ƙaho ya burge shi; sai ya buɗe baki ya duba haƙora, ya sa an ja shi ya ga tafiyarsa. Haka za ku yi. Shin Wi-Fi ya kama? Wasu laftof masu katin Broadcom sukan ƙi, sai an girka musu direba, wanda kan buƙaci ku haɗa intanet ta waya da igiyar USB. Sauti yana fita? Kyamara fa? Hasken allo yana raguwa yana ƙaruwa? Ku jona firinta ku buga shafi guda. Ku shiga saitin madannai ku ƙara tsarin Hausa, domin yana ciki, ku ga ɓ da ɗ da ƙ sun fito da lanƙwasarsu. In kun ji tana ɗan jan ƙafa, kada ku yanke mata hukunci, filashi ne bai kai rumbun kwamfuta sauri ba.

Bayan an duba ƙarfe, sai a duba sana'a. Kowa ya tambayi kansa: da wace manhaja nake cin abinci? Ɗalibin da aikinsa rubutu ne da bincike da kallon darasi, Firefox da LibreOffice da suka zo a ciki sun wadatar da shi. Amma ya sani LibreOffice takan adana takarda a tsarin odt. Idan malami zai buɗe ta da Word, a adana ta a docx, in kuma ba gyara za a yi ba a mayar da ita PDF, kada layuka su goce. Ɗana mai shagon zane da buga katin biki, kai kam ka yi tunani sau biyu. CorelDRAW da Photoshop da AutoCAD ba a yi su don Linux ba. Akwai Inkscape da GIMP, suna da ƙarfi, amma koyonsu sai da lokaci, kuma mai katin ɗaurin aure ba zai jira ka gama koyo ba. Ba laifi ba ne ka bar kwamfutar shago yadda take, ka yi koyo a wata.

Idan gwaji ya yi kyau kun ƙudura girkawa, ku kwashe kayanku tukuna: hotunan iyali, takardun shaida, aikin kammala karatu, duka zuwa wani rumbu na waje. Ku buɗe su a can ku tabbatar sun kwafu. Wanda Windows ɗinsa ke kulle da BitLocker ya rubuta lambar ceto a takarda. Ku cika batir, kada ku fara a lokacin da kuka san ana iya ɗauke wuta in batirin ya mutu. Lokacin girkawa za ku iso wani allo mai zaɓi: ɗaya ya ce a zauna tare da Windows, ɗaya ya ce a share rumbun baki ɗaya. Ku cire hannu daga linzami, ku karanta a hankali. Nan ne wahalar shekaru kan salwanta da dannawa ɗaya. Sabon shiga ya zaɓi zaman tare, ya ba Mint wuri isasshe. Masu ita sun ce gigabait 20 ne mafi ƙaranci, amma 100 ya fi, haka ma ram, 2 za ta tashi, 4 ta fi sakewa.

Da an gama, ku kunna Timeshift, mai ɗaukar hoton yanayin manhajar domin a koma baya in wani abu ya lalace. Ku lura, manhaja yake karewa, ba takardunku ba. Ku riƙa ɗauko abin da kuke so daga rumbun manhajojin da ke ciki. Sannan ku yi hattara da baƙin allon nan na rubuta umarni. Duk layin da ya fara da sudo, kun miƙa masa ikon kwamfutar gaba ɗaya. Kada ku liƙa abin da ba ku gane ba don wani a bidiyo ya ce a yi. Matambayi ba ya ɓata, amma a tambayi wanda zai yi bayani.

Akwai wata cuta da ke kama matasa a nan, ta tsalle-tsalle. Yau Mint, jibi Zorin, mako mai zuwa Fedora, kullum ana fomatin, ba a iya ko ɗaya ba. Zubi na 22 na Mint yana da kulawa har zuwa 2029. Me ake wa sauri? Ku zauna a kan guda har ku san inda take ajiye fayiloli, yadda ake sabunta ta, da abin yi idan ta ƙi tashi. Wannan ilmi ba ya ɓata, domin akasarin manyan kwamfutocin da ke riƙe da shafukan intanet da Linux suke aiki, kuma masu iya kula da su ana nemansu.

In Allah Ya sa kun iya, kada ku raina wanda ya zauna a Windows, kowa da buƙatarsa. Kada kuma ku girka wa mahaifiyarku ko maƙwabci ku tafi ku bar su da abin da ba su sani ba. Wanda ya sauya wa mutum kayan aikinsa, ya ɗauki amanar koya masa har ya tsaya da ƙafarsa.

Allah Ya ba ku ilmi mai amfani, Ya sa albarka a abin da kuke nema.