Yankewar Gaɓa a Wurin Aiki da Biyan Diyya ga Ma'aikaci

1.0 Gabatarwa

Lebura da ɗan dako da ma'aikacin masana'anta ba su da jarin da ya wuce hannuwansu da ƙafafunsu. Duk ranar da ɗayansu ya rasa gaɓa, abincin gidansa ne ya taɓu. Wannan darasi zai duba yadda irin wannan rauni yake aukuwa, da taimakon gaggawa, da kuma haƙƙin da doka ta ba wanda abin ya shafa.

2.0 Yadda Raunin Yake Aukuwa

Akasari hatsarin yakan faru ne wajen lodi ko sauke kaya masu nauyi, kamar rodi da farantan ƙarfe da gumagumai. Igiya ko sarƙa kan tsinke, kaya ya danne ƙafa, ko kuma yatsu su shiga tsakanin ƙarfe biyu. Wani lokaci gaɓar takan guntule nan take. Wani lokaci kuma ƙashi da jijiyoyin jini ne suke murƙushewa, jini ya daina kaiwa wurin, naman ya mutu, sai likita ya yanke domin ceton rai. Gajiya da gaggawa da rashin horo suna daga cikin manyan dalilai.

3.0 Taimakon Gaggawa

Abu na farko shi ne tsayar da jini ta hanyar danne wurin da ƙyalle mai tsabta. Ɓangaren da ya guntule a naɗe shi da ƙyalle mai ɗanshi, a sa a leda a ɗaure, sannan a tsoma ledar cikin ruwan ƙanƙara. Ba a ɗora naman kai tsaye a kan ƙanƙara, domin yana lalata shi. Daga nan sai a garzaya asibiti, irin su Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano.

4.0 Diyya a Dokar Nijeriya

Kalmar diyya aro ce daga Larabci, kuma ta shigo Hausa ta hanyar fiƙihu, inda aka ƙayyade wa hannu ɗaya rabin diyyar rai. Tsarin inshorar hatsarin ma'aikata na zamani kuwa ya faro ne a Jamus a shekarar 1884.

A Nijeriya, dokar 1987 ta ɗora nauyin biya a kan mai aiki kai tsaye, kuma a dunƙule ake biya sau ɗaya. A shekarar 2010 aka maye gurbinta da sabuwar Dokar Diyyar Ma'aikata, wadda hukumar NSITF take gudanarwa. Manyan tanade-tanadenta su ne:

(a) Mai aiki ne yake zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa a asusu, ba a cire ko sisi daga albashin ma'aikaci.
(b) Ma'aikaci ko iyalinsa su sanar da mai aiki cikin kwana 14.
(c) Mai aiki ya kai rahoto ga hukuma cikin kwana 7.
(d) A shigar da buƙatar diyya cikin shekara 1.
(e) Wanda ya nakasa gaba ɗaya yana karɓar kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata.

5.0 Kammalawa

Babbar matsala ita ce yawancin masu dako aikin jinga suke yi, ba takarda ba rajista, don haka neman haƙƙi yakan yi musu wuya. Sanin wa'adin doka da adana takardun asibiti su ne makamin wanda ya ji rauni. Duk da haka, kuɗi ba ya mayar da hannu. Rigakafi ya fi magani.

6.0 Auna Fahimta

1. Kawo dalilai uku da suke haddasa yankewar gaɓa.
2. Mene ne bambancin dokar 1987 da ta 2010?
3. Yi amfani da kalmomin diyya da nakasa da jinga a cikin jumloli.