Shanyar soɓorodo

Yakuwa shuka ce da ake nomawa a jihohin Maraɗi, Damagaram da Doso. Manoma suna shuka ta da damina, a gefen gonar hatsi ko ta gyaɗa.

Idan damina ta ƙare, yakuwa tana yin fure. Furen yana buɗewa da safe, ya yanƙwane kafin dare, sannan ya faɗi. Abin da ya rage a jikin reshe shi ne ƙoƙon furen. Ƙoƙon yana girma, ya yi kauri, ya yi ja wur. Shi ake kira soɓorodo ko zoɓo. Ana tsinkar shi a watan Nuwamba da Disamba.

Ɗanyen soɓorodo cike yake da ruwa. In aka tara shi a buhu, cikin kwana kaɗan sai ya yi hunhuna, ya ruɓe. Wahalar damina ta tashi a banza ke nan. Shi ya sa mata suke shanya shi.

Da farko suna cire ƙwallon irin da ke cikin ƙoƙon. Sai su baza soɓorodon a kan tabarma mai tsabta, bisa rumfa, inda awaki da kaji ba sa kaiwa. Ba sa tula shi wuri ɗaya, don iska ta ratsa shi. Suna juya shi kullum. Da yamma suna kwashe shi saboda raɓa. Zafin rana mai yawa yana rage jansa, don haka inuwa mai iska ta fi.

Iskar hunturu tana busar da shi cikin kwanaki kaɗan. In ya bushe, yana karyewa ƙaras a hannu. Wajen kilo 10 na ɗanye ke ba da kilo 1 na busasshe. Ana zuba shi a buhu mai tsabta, a ɗora bisa katako, nesa da laima.

Da kaka soɓorodo yana da araha. Lokacin zafi kuwa, kowa yana neman jan ruwansa mai tsami, sai ya yi tsada. Irin ma ba a zubar da shi: da shi ake daudawar batso.

Kalmomi
fure: la fleur
iri: la graine
raɓa: la rosée
hunhuna: la moisissure

Tambayoyi
1. Wane sashe na yakuwa ake kira soɓorodo?
2. Don me ake kwashe shanya da yamma?
3. Yaya ake gane soɓorodo ya bushe?